Tambayoyin Masu Karatu: Me Ya Sa Kiɗan "Albatross" Ya Raba Kan Masu Sauraro?

A fitowar da ta gabata mun ambaci wani kiɗan jita mai suna "Albatross", wanda ƙungiyar Fleetwood Mac ta ƙasar Ingila ta fitar a ƙarshen shekarar 1968, muka ce yana cikin kiɗe-kiɗen da masu sauraro suka daɗe ba su yi ittifaƙi a kansu ba. Wannan 'yar magana ta jawo wasiƙu, kuma mun zaɓi huɗu daga cikinsu don wannan fitowa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni da yayana mun kusa wata guda muna gardama a kan wannan kiɗa. Yayana tun yana saurayi yake tara fayafayan B.B. King da Muddy Waters, manyan makaɗan blues na Amurka, kuma da na sa masa "Albatross" a mota muna hanyar Zariya zuwa Kano, ko minti ɗaya bai yi ba ya ce in kashe, wai wannan ba blues ba ne, kiɗan sa barci ne irin wanda ake sakawa a zauren otal. Ni kuwa duk lokacin da na ji shi sai in ji raina ya kwanta. Don Allah wane ne ke da gaskiya a tsakaninmu? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka gaishe mini da Yaya, kuma ka shaida masa cewa ba shi ne na farko da ya faɗi wannan magana ba, domin tun ranar da faifan ya fito wasu daga cikin masoyan ƙungiyar a Ingila suka yi irin wannan ƙorafi, har suna ganin an yi watsi da su saboda neman kasuwa. Kafin in faɗi inda na karkata, ya kamata ku san abin da ya sa ransu ya ɓaci.

Wanda ya tsara kiɗan shi ne Peter Green, haifaffen unguwar Bethnal Green da ke gabashin Landan, a shekarar 1946. Sunansa ya fara fita ne a 1966, lokacin da ya maye gurbin Eric Clapton a ƙungiyar John Mayall mai suna Bluesbreakers, kuma wannan ba ƙaramin nauyi ba ne ga yaro ɗan shekara 19, tunda a lokacin matasan Landan ba su ganin kowa da jita sai Clapton. A 1967 Green ya fita ya kafa tasa ƙungiyar, ya raɗa mata suna daga sunayen abokan aikinsa biyu, wato mai ganga Mick Fleetwood da mai jitar bes John McVie. Fayafayansu na farko, a ƙarƙashin kamfanin Blue Horizon na furodusa Mike Vernon, blues ne tsantsa irin na baƙaƙen fatar Amurka, musamman salon birnin Shikago. Akwai wani ɗan ƙungiyar mai suna Jeremy Spencer wanda kusan duk aikinsa kwaikwayon salon makaɗin blues Elmore James ne. Masu zuwa kallonsu a ƙananan gidajen rawa na Ingila sun ɗauke su a matsayin masu riƙon amanar wannan kiɗa, waɗanda ba za su gurɓata shi ba. Ana cikin haka, a watan Nuwamba na 1968, sai ga faifai mai tsawon minti 3 da 'yan daƙiƙoƙi, babu murya, babu kuwwa, babu zafi, yana tafiya a hankali kamar kwale-kwale a kan ruwan da ba iska. A farkon 1969 ya hau matsayi na ɗaya a jerin fayafayan da suka fi kasuwa a Birtaniya, iyaye da kakanni suna saye. Duk wanda ya taɓa son wani abu tun ba a san shi ba, ya wayi gari ya ga abin ya zama na kowa da kowa kuma ya sauya kama, zai fahimci abin da waɗancan matasa suka ji.

Ta fuskar gini, Yaya yana da hujja mai ƙarfi. Blues na asali yana da tsarin da aka san shi da shi: zagaye ne mai gaɓa 12 da ake ta maimaitawa, a kan haɗin sauti uku, kuma mawaƙi yakan faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya rufe, jita tana amsa masa kamar 'yan amshi. "Albatross" bai bi wannan tsari ba. Galibinsa yana kaiwa da komowa ne tsakanin haɗin sauti biyu, kuma sautin da aka gina shi a kai mai haske ne, ba mai ɗaci irin wanda kunne ya saba ji a blues ba. Kiɗe-kiɗen da ake ambatawa a matsayin tushensa su ne "Sleep Walk" na 'yan'uwan nan biyu Santo da Johnny, wanda ya fito a 1959, da "Deep Feeling" na Chuck Berry na 1957, dukansu kiɗa zalla masu tafiya a hankali. Saboda haka idan Yaya ya ce ginin ba na blues ba ne, kada ka yi masa musu.

Inda na rabu da shi shi ne a kan hannun da ya buga kiɗan. Ka sake saurare da na'urar kunne, cikin dare, lokacin da unguwa ta yi tsit. Abin da za ka fara ji shi ne bes ɗin McVie yana bugawa ɗaya bayan ɗaya, ba ya sauri ba ya lafawa, kamar bugun zuciyar mutumin da ke kwance. A bayansa Fleetwood yana taɓa gangunansa da makaɗi mai lallausan kai maimakon sandar da aka saba, yana kuma girgiza faya-fayan tagulla a hankali har ƙararsu ta kumbura ta sake janyewa, yadda igiyar ruwa ke zuwa gaɓa ta koma. Sannan jita ta shigo. Ka lura da yadda Green ba ya dira a kan sauti kai tsaye. Yakan danne tsirkiya ya tura ta sama da yatsa har sautin ya miƙe ya kai inda yake so, ya riƙe shi a can yana ɗan karkaɗa shi, sannan ya sake shi ya mutu da kansa kafin ya taɓa na gaba. Wannan lanƙwasa tsirkiya da wannan haƙurin jiran sauti ya ƙare, daga wurin B.B. King da tsararrakinsa aka koyo su, kuma babu wanda zai iya yin su haka sai wanda ya yi shekaru yana cikin blues. B.B. King da kansa ya yabi Green, ya ce a cikin masu jita shi ne mai sautin da ya fi daɗi da ya taɓa ji, wanda har yakan sa shi zufa mai sanyi. Mutumin da Yaya ke tara fayafayansa ke nan.

Akwai kuma wani abin da zai taimaka muku. A farkon watan Janairu na 1969, daidai lokacin da "Albatross" ke hawa a kasuwar Birtaniya, 'yan ƙungiyar suna Shikago, a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Chess, suna kiɗa tare da Willie Dixon da Otis Spann da Buddy Guy da wasu manyan blues na birnin, kuma an fitar da abin da aka ɗauka a faifai. Mutanen da suka juya wa blues baya ba za su ƙetare teku su je su zauna gaban malamansa ba. A ganina Green ya ƙoshi da maimaita abin da wasu suka riga suka yi ne, yana neman ya ga abin da hannunsa zai iya faɗa idan aka cire shi daga zagayen gaɓa 12, kuma waƙoƙin da suka biyo baya, "Man of the World" da "Oh Well" a 1969, da "The Green Manalishi" a 1970, sun tabbatar da cewa tafiya ce ya fara, ba tsautsayi ba ne.

Game da zancen zauren otal, a nan ma akwai ƙamshin gaskiya, amma laifin ba na kiɗan ba ne. An yi ta amfani da shi a shirye-shiryen talabijin da tallace-tallace, har kantin Marks & Spencer na Birtaniya ya daɗe yana tallar abinci da shi, kuma kiɗan da aka mayar shimfiɗar talla yakan rasa kwarjininsa a kunnen mutane. Ni ina tare da kai a kan cewa kiɗa ne mai daraja. Shawarata ita ce kada ka sake sa masa shi a mota, inda ƙarar inji da ta taya ke cinye bes da faya-fayan tagullar nan, waɗanda su ne rabin kiɗan. Ka fara sa masa "The Supernatural", kiɗa zalla da Green ya yi a faifan John Mayall mai suna "A Hard Road" a 1967, wanda babu mai musun cewa daga blues ya fito, sannan ka biyo da "Albatross", ka tambaye shi ko ba hannu ɗaya yake ji ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni tambayata ita ce, kiɗan da babu waƙa a cikinsa, me yake nufi? Na saurara sau uku ina jiran mawaƙi ya shigo, har ya ƙare ban ji kowa ba. Kuma mene ne ma'anar sunan? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa. Wannan tambaya ta taɓa wani ɓangare na saɓanin da ya fi shafar mu Hausawa, domin kunnenmu ya tashi ne da jin magana a cikin kiɗa. Ko inda babu mawaƙi, kalangu magana yake yi, kuma wanda ya san take yana jin sunan mai taken da kirarinsa a cikin bugun. Don haka idan muka ji jita tana tafiya ita kaɗai, sai mu riƙa jiran abin da za ta ce, in ba mu ji ba mu ɗauka aikin bai cika ba. Wannan kiɗa kuwa hoto yake zanawa, kuma sunansa ne ke gaya miki hoton.

Albatross sunan wani babban tsuntsun teku ne, wanda aka fi samu a tekunan kudancin duniya da kuma arewacin tekun Fasifik. Mafi girma a cikin nau'o'insa, idan ya buɗe fukafukansa, faɗinsu yakan wuce mita 3, kuma yana iya daɗewa yana shawagi a saman ruwa ba tare da ya kaɗa fiffike ba, iska ce kawai ke ɗauke da shi. Idan kin taɓa tsayawa kina kallon shirwa ko mikiya tana kewaya sararin sama da rana tsaka, fukafukai a miƙe, to kin ga ƙaramin misalin abin. A adabin Turawan Ingila kuma tsuntsun yana da wani nauyi, saboda wata doguwar waƙa da Samuel Taylor Coleridge ya wallafa a 1798, inda wani matuƙin jirgin ruwa ya harbe irin wannan tsuntsu, bala'i ya auka wa jirgin, abokan tafiyarsa suka rataya masa gawar tsuntsun a wuya. Daga nan ne sunan ya zama ishara a harshensu ga nauyin da mutum ke ɗauke da shi wanda ya kasa saukewa.

Da wannan a zuciya, ki sake saurare. Bes da ganguna su ne teku, jita ita ce tsuntsun. A tsakiyar kiɗan za ki ji jita biyu suna tafiya tare, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ba su rabuwa. Ta biyun ta Danny Kirwan ce, wani yaro ɗan shekara 18 da bai daɗe da shiga ƙungiyar ba, kuma samunsa ne ya ba Green abokin da zai iya yin wannan tagwayen sauti da shi, domin Jeremy Spencer bai buga komai a wannan faifai ba. Sannan akwai wasu sautuka masu tsini da ke zamewa daga can sama, waɗanda ake samarwa ta hanyar zura wa yatsa ƙaramin bututun ƙarfe ko na kwalba a riƙa jan sa a kan tsirkiya, kuma mutane da yawa suna jin su kamar kukan tsuntsayen bakin teku.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai masu sauraro na ƙwarai, waɗanda suka san kiɗa, da har yanzu suke ganin wannan hoto bai ishe su ba. Hujjarsu ita ce kiɗan ba ya zuwa ko'ina: inda ya fara nan ya ƙare, babu hawa, babu wani wuri da zai girgiza mai sauraro. Wannan bayani daidai ne, kuma ga wanda ke neman labari mai farko da ƙarshe a cikin kiɗa, rashi ne. Ni dai ina ganin tsuntsun da ke shawagi ba ya bukatar ya isa wani gari kafin kallonsa ya yi daɗi, kuma minti 3 ba su yi yawa ga irin wannan kallo ba. Da an ja shi ya kai minti 10, da na koma ɓangaren masu suka.

TAMBAYA: Malam, ina koyon jita kusan shekara guda ke nan. Wani abokina da ya riga ni farawa ya ce kada in ɓata lokaci a kan "Albatross", wai ko ɗan koyo zai iya buga shi a yini ɗaya, kuma shaharar da ya yi sa'a ce kawai. Ya ce in nemi kiɗan da ke da gudu idan ina son in ƙware. Haka ne? Daga wani ɗalibi a Jos.

AMSA: Ƙanena, abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Sautukan kiɗan ba su da yawa, kuma mai shekara guda da jita zai iya haddace inda yatsu ke sauka cikin yini ɗaya ko biyu. Amma ka gwada wannan: ka buga shi, ka ɗauki kanka da waya, sannan ka saurari naka da na Green a jere. Abin da za ka tarar, kuma na ga haka ga ɗalibai da dama, shi ne kana isa kowane sauti kafin lokacinsa, domin shirun da ke tsakani yana ba ka tsoro, kana gaggawar cike shi. Za ka kuma tarar cewa idan ka tura tsirkiya sama, sautin yakan tsaya ƙasa kaɗan da inda ya kamata ko ya zarce kaɗan, kuma a kiɗa mai tafiya a hankali irin wannan babu inda kuskuren zai ɓuya. A kiɗa mai gudu, sauti goma na biye suna rufe wanda ya karkace kafin kunne ya kama shi. A nan kuwa sauti ɗaya yakan tsaya shi kaɗai na tsawon daƙiƙoƙi, kowa yana jin sa.

Wannan ra'ayi na abokinka shi ne kashi na uku na masu sukar kiɗan, kuma shi ne wanda na fi ƙin yarda da shi. A ƙarshen shekarun 1960 ana auna mai jita a Ingila da yawan abin da zai iya zubowa da ƙarfin amsa-kuwwarsa, kuma Green yana da ikon yin haka, duk wanda ya ji yadda suke kiɗa a gaban jama'a a 1969 da 1970 ya sani. Ya zaɓi ya rage ne da gangan. Game da batun sa'a kuma, ka duba waɗanda kiɗan ya taɓa. George Harrison, mai jitar ƙungiyar Beatles, ya bayyana cewa waƙar "Sun King" da ke faifan Beatles mai suna "Abbey Road", na 1969, daga sauraron "Albatross" ta samo asali. Da aka sake fitar da faifan "Albatross" a Birtaniya a 1973, bayan Green ya bar ƙungiyar da shekara 3, ya sake hawa har matsayi na 2. A watan Fabrairu na 2020, a taron girmama Green da Mick Fleetwood ya shirya a zauren London Palladium, David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd yana cikin waɗanda suka buga shi. Sa'a ba ta kai shekara 50 tana jan irin waɗannan mutane.

Ka koye shi, kuma ka nemi abokin naka ya riƙe jita ta biyu, wato layin Kirwan. Kafin ku iya lanƙwasa tsirkiya tare ku isa sauti ɗaya a lokaci ɗaya, za ku yi makonni, kuma ina kyautata zaton ra'ayinsa zai sauya a cikin makon farko.

TAMBAYA: Malam, Fleetwood Mac ɗin da na sani akwai mata masu waƙa a ciki, kuma kiɗansu bai yi kama da wannan ba ko kaɗan. Ko dai ƙungiyoyi biyu ne masu suna ɗaya? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Ƙungiya ɗaya ce, ɗan'uwa, mutanen ciki ne suka sauya. Peter Green ya fita a watan Mayu na 1970, yana fama da rashin lafiyar ƙwaƙwalwa da ta raba shi da kiɗa na tsawon shekaru. Spencer ya tafi a 1971, Kirwan a 1972. Christine McVie, matar John McVie a lokacin, ta shiga a 1970, sannan bayan ƙungiyar ta koma Amurka sai Lindsey Buckingham da Stevie Nicks suka shigo, aka yi faifan "Rumours" a 1977, wanda shi ne akasarin mutanen duniya suka san su da shi. Fleetwood da McVie, masu sunan, su ne suka ratsa dukkan zamunnan.

Wannan ma yana cikin dalilan saɓanin, domin wanda ya shigo ta ƙofar "Rumours" yakan ji "Albatross" kamar baƙo, musamman a Amurka inda faifan bai yi kasuwa ba lokacin da ya fito. Duk da ɗimbin nasarar da ƙungiyar ta samu daga baya, "Albatross" ne kaɗai ƙaramin faifanta da ya taɓa hawa matsayi na ɗaya a Birtaniya. Green ya rasu ranar 25 ga Yuli, 2020, yana da shekara 73. Idan kana son ka san zamaninsa sosai, ka nemi faifan "Then Play On" na 1969, wanda shi ne na ƙarshe da ya yi da ƙungiyar, ka kuma saurari "Black Magic Woman" yadda ya fara yin ta a 1968, kafin ƙungiyar Santana ta Amurka ta ɗauke ta a 1970 ta zagaye duniya.

Masu son aiko da tambaya a kan kiɗa da makaɗa suna iya rubuto wa wannan fili kamar yadda aka saba, tare da ambaton garin da suke.